Tsinke Ɗaya a Takardar Hayatu

Hayatu mai awo shi ya kashe Indo da jaririyarta, shi ya rushe gida goma sha ɗaya a Garin Jaye, kuma shi ya kai Rabo gidan kaso. Bai zare wuƙa ba, bai ɗaga hannu a kan kowa ba. Da alƙalami ya yi aikin, yana zaune a inuwar gawo ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Duk mai cewa ruwa ne ya yi ɓarnar, ya je ya tambayi ruwan wa ya buɗe mashi ƙofa.

Garin Jaye ƙauye ne a kan hanyar Gazawa, tafiyar hantsi ɗaya a kan jaki. A can ƙasan garin, daf da kududdufi, unguwar magina take, nan Mero ta yi shekara arba'in tana ginin tukwane. Mijinta Chindo ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta mata sun yi aure sun watse, sai ɗanta na fari, Rabo, da matarshi Indo suka rage mata a gida. Gabas da gari akwai ƙorama wadda ba ta kawo ruwa sai da damana, ta gangara kudu ta faɗa Gulbin Kaba. Tsakaninta da gari wani ɗan tudu ne, wanda ko tsohuwa mai ɗauke da tulu ba ta haki in ta hau shi. Amma tun kaka da kakanni wannan ɗan tudun ne ya raba mutane da ƙorama, kowa na harkar gabanshi.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga sabuwa, Baturen da ke awon hanyoyi ya naɗe kayanshi ya tafi. Ya bar madubinshi mai ƙafa uku da littattafanshi a hannun Hayatu, wanda ya yi shekara bakwai yana bin shi da jaka yana fiƙe mashi alƙalami. Aka tura Hayatu wani karatu na wata shida, ya dawo da hular kwano da takalmi sau-ciki, aka ce yanzu shi ne mai awo. Ba wanda ya yi baƙin ciki. Ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa, yana gaida manya in ya ga dama.

Da bazara ya iso Garin Jaye cikin mota, ya ce za a haƙa magudana a gefen sabuwar hanya, ta kwashe ruwan da ke kwanciya a unguwar magina ta kai shi ƙorama. Aka kafa turaku a jere, na farko a bakin unguwa, na ƙarshe a bakin ƙorama, mita ɗari shida tsakaninsu. Rabo aka sa shugaban masu haƙa, don ya taɓa ginar rijiya, kuma yana gane lambobin Nasara in an rubuta su manya-manya. Ranar awo, Hayatu ya kafa madubinshi a turken farko, ya leƙa, rana ta soke shi a ido, don gabas yake duba. Sai ya ce a kwashe kayan a kai bakin ƙorama. Daga can ya faro, ya ba rana baya, yana awo yana dawowa gari, Rabo na gaba riƙe da gora mai lamba. Kafin azahar ya gama, ya zauna gindin gawo ya yi lissafinshi.

Mero na bakin ƙofarta tana cuɗa yumɓu lokacin da ta ji za a fasa tudun. Ba ta ko tashi ba, daga nan zaune ta ɗaga murya ta faɗa wa Hayatu cewa ƙorama ta fi unguwarsu bisa. Ya tambaye ta da wane madubi ta auna. Ta ce yumɓu ba ya kwana a tudu, inda ruwa ke taruwa nan yake zama, kuma duk faɗin ƙasar nan ba inda ake ɗibar yumɓu sai bayan ɗakinta.

"Inna, ki riƙe tukunyarki in riƙe madubina," in ji Hayatu. Masu haƙa suka yi dariya.

Rabo bai yi dariya ba. Ya bi shi har bakin mota, ya maimaita mashi maganar a hankali yadda ba wanda zai ji. Hayatu ya yage shafi ɗaya daga littafinshi ya miƙa mashi, ya ce ga abin da ƙasa ta faɗa: zurfi ɗaya tun daga fari har ƙarshe, iya ƙugu, a yanke tudun a wuce. Wanda bai yarda ba ya ajiye dagi, akwai masu so. Rabo na da mata da tsohon ciki, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Ya ninke takardar, ya haƙa abin da aka ce ya haƙa.

Ruwan ya zo wata Talata a tsakiyar damana, bayan azahar, maza duk suna gona wajen maimai. Indo na da kwana goma sha biyu da haihuwa. Ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a ɗaki da ƴarta Binta kamar kowace mai jego. Mero ta hau cikin gari neman itacen dafa ruwan wanka. A gari ma ruwan saman bai yi wani ƙarfi ba, can gabas ya zuba. Tana dawowa da itace a ka sai ta ji wata ƙara kamar an koro garken shanu. Ƙorama ce ta cika, ta iske sabuwar ƙofa a buɗe, ta bar hanyarta ta shekara da shekaru ta biyo magudanar Hayatu, ja wur, da kututturan kaba da matattun awaki. Kafin Mero ta jefar da itacen, ruwa ya kai ƙirji a unguwar magina. Gine-ginen ƙasa suka jiƙe daga gindi suka riƙa zaunawa ɗaya bayan ɗaya. Sai la'asar sakaliya aka tono Indo, a kife bisa jaririyar.

Ranar sadakar uku mota ta dawo, da Hayatu da jandarma biyu. Hayatu ya bi magudanar yana taku yana kaɗa kai. Ruwa ya riga ya cinye bakinta ta wajen gari, ta zama kwazazzabo, ba mai iya cewa ga zurfin da aka haƙa. Ya nuna wurin ya ce ga shi, a nan aka zurfafa, Rabo jahili ne, ya riƙe takarda a juye ya karkato da ruwa cikin gari. Rabo na zaune a tabarmar makoki, kwana uku bai ci ba, bai yi magana ba. Da aka zo ɗaure shi ya cire hularshi ya ɗora a cinyar uwarshi, ya miƙa hannu. Barmo, uban Indo, yana tsaye yana kallo. Ya ce a gaban jama'a wanda ya kashe da jahilci da wanda ya kashe da takobi, kabari ɗaya suke cikawa. Daga ranar bai ƙara taka gidan Mero ba, in ma gida za a kira rumfar karan da ta kafa bisa kufai.

Ta yi tafiyar kwana biyu a ƙasa zuwa garin da kumandan mai mulkin yankin yake. A buro, wato ofishin kumandan, ta iske wani mai rubutu da gilashi a ido, ya tambaye ta wa take nema. Ta ce ɗan marigayi Chindo na unguwar magina. Ya ce littafinshi ba ya da ɗan wane, suna yake so. Tun ranar da aka raɗa wa Rabo suna, bakin Mero bai taɓa faɗin shi ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Yana ƙarami tana ce mashi wancan, da ya yi aure ya zama mai gidan Indo. Ta waiga ko za ta ga wani ɗan garinsu ya faɗa mata, ba kowa sai baƙin maza cike da benci suna kallonta. Mai rubutu ya fara ƙwanƙwasa tebur da alƙalami. Sai ta sunkuyar da kai ta faɗa, sunan ya fito mata kamar ƙashin da ya maƙale a wuya. Mutumin ya bi littafi da yatsa, ya ce shekara uku, an gama shari'a, na baya ya matso. Abin da sunan da ta tsare shekara talatin da huɗu ya samo mata ke nan.

Mai gadin kaso ya karɓi ƙullin ƙuli-ƙulin da ta kawo, ya ɗebi rabi, ya bar ta ta leƙa ta wata ƴar kafa a jikin ƙofa. Rabo ya rame, an aske mashi kai. Bai tambayi gida ba, don ya san abin da ya rage a gida. Abu ɗaya ya ce: "Inna, ki farke hular."

Da ta koma ta farke ta. Takardar Hayatu na ciki, a ninke huɗu, gumi ya mayar da ita ruwan ƙasa, amma rubutun yana nan. Ta kai wa limamin gari, ya juya ta sama da ƙasa ya ce wannan ba karatunshi ba ne, ta nemi ƴan lakol masu karatun boko. Ranar kasuwar Gazawa ta ɗora randa bisa jaki, mafi kyau cikin waɗanda ruwa ya bari, ta je ta zauna gindin tagar lakol har aka tashi yara. Malamin, Mushe Baƙo, dogo ne siriri da alli a yatsu. Ya so ya sallame ta a tsaye. Ta ce randar tashi ce in ya karanta mata abin da ke cikin takarda, in kuma bai iya ba ya faɗa, kada ya ɓata mata yini.

Ya karɓa yana murmushi. Yana kai ido layin farko murmushin ya tafi. Ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya kwafi layin da yatsa. Lamba uku ce, kowace da ɗan zane a kwance a gabanta, kamar tsinke. Ya ce wannan tsinken su a lakol muwan suke ce mashi, in ya zo gaban lamba yana nufin ƙasa, ko baya. In babu shi, to sama ne, ko gaba. Lamba ta farko mita ɗaya da rabi ce, da tsinkenta, wato daga ƙorama zuwa unguwa ƙasa ta sauka da wannan. Ta biyu ɗari shida, ita ma da tsinke, don turakun daga gari aka fara ƙirga su, shi kuwa mai awo ta baya ya biyo su. Sai ya raba ta farko da ta biyu don ya san yadda ƙasar ta karkata. Rabon ya fita daidai, ɗaya bisa ɗari huɗu, ba kuskure. Amma ƙa'ida ita ce, in mai tsinke ya haɗu da mai tsinke a wajen rabo, amsa ba ta ɗaukar tsinke. Sai in ɗaya na da shi ɗaya babu. Shi kuwa ya sa wa amsar tsinke. Don haka takarda ta ce daga gari zuwa ƙorama gangara ce, alhali hawa ne.

Mero ta ce ita ba ta zo shiga lakol ba, ya faɗa mata da Hausa.

"Inna, in kina dawowa gida kina gangarowa, fita daga gida mi ke nan?"

"Hawa."

"To shi ne ya manta."

Ta daɗe tana kallon zanen nan uku a ƙasa. Sannan ta ce jakin da ya kawo ta ya san wannan, kuma ba a ba shi hular kwano ba.

Mushe Baƙo ya ce mai yiwuwa hannu ne ya saba. Baturen kullum daga gari yake faro awonshi, tsinke ɗaya ne ke shiga lissafin, amsa ta ɗauka. Shekara bakwai Hayatu na ganin amsar magudana da tsinke a gabanta, ranar da ya juya hanya sai hannu ya rubuta abin da ido ya saba gani. Mero ta ce ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ce ya rubuta wannan bayanin da Faransanci, ya sa hannu, ta kai wa kumandan.

Nan ya miƙe ya kaɗe gwiwa. Ya ce Hayatu ɗan ajinsu ne, sun ci tuwo a kwano ɗaya. Ya ce ƙasa jaririya ce, Nasara na can sun zuba ido suna jiran a ce baƙar fata ya kasa, in wannan magana ta fita ba Hayatu kaɗai za a yi wa dariya ba. Ya ce shi kanshi kalma ɗaya za a rubuta a jefa shi can arewa cikin rairayi, ga mata ga yara huɗu. Ya ce ta bar randarta.

"Jaririya na tono daga ƙarƙashin gini, Mushe, na san kamarta. Wadda ta ɗaure mini ɗa ba jaririya ba ce."

Ta ce to tun da hannunshi na tsoron takarda, ƙasa ba ta kai ƙara. Ya zana mata layin a ƙasa manya-manya, yadda Hayatu ya rubuta, a ƙarƙashi kuma yadda ya kamata. Ya waiga hagu da dama, ya zana. Ta tsuguna ta bi zanen da yatsa, ta share, ta yi da kanta, ya gyara mata wutsiyar wata lamba, ta sake. Macen da ta yi shekara arba'in tana zanen wuyan tulu ba a nuna mata abu sau huɗu. Kafin kasuwa ta watse layin biyu sun zauna a hannunta. Ba ta san sunan ko lamba ɗaya ba, amma ta san inda tsinken banza yake. Ta bar mashi randar a ƙofar lakol ta kora jakinta.

Da rani ya yi, wata safiya mota ta sauke mutane takwas da ba ƴan garin ba. Ba su gaida mai gari ba, ba su nemi ruwan sha ba. Suka wuce wurin da aka yanke tudu, suka toshe shi da duwatsu da jar ƙasa, suka daddaɓe, kafin azahar sun tafi. Mero ta tsaya a kansu tun farko har ƙarshe. Ta tambayi babbansu, in Rabo ne ya haƙa ba daidai ba, mi ya hana a gyara haƙar ruwa ya bi inda takarda ta ce? Mi ya sa ake toshewa? Ya ce shi an aiko shi ne. Ta je ta faɗa wa Barmo wannan magana ta bayan darni. Ya ce wa matarshi ta gaya wa maginiya ba ya gida.

Sau shida tana zuwa buro a wannan shekarar. Kumandan ya fita rangadi, kumandan na da baƙi, kumandan ba ya ganin mutane ranar Juma'a. Ƙafafunta suka tsage, ta sayar da jakin. A zuwa na bakwai, damana ta sake faɗuwa, ta ƙi zama a benci, ta zauna a kan matakalar ƙofarshi inda sai ya tsallake ta zai shiga. Ya tsaya, ya dube ta, ya ce ta shigo.

Kumandan ɗan ƙasa ne shi ma, mai sanyin murya. Ya ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ta miƙa takardar ba ta sake ta ba, yana riƙe da gefe tana riƙe da gefe, ta ɗora farce a kan tsinke na uku ta ce wannan bai kamata ya kasance a nan ba. Ya duba. Bai daɗe yana dubawa ba, kuma bai tambaye ta abin da take nufi ba. A nan ta gane ba yau ya fara sani ba. Ya aika aka kira Hayatu daga wani ɗaki a cikin ginin. Ya shigo ya yi ƙiba, ya ga takardar, ya ga tsohuwar, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Inna, ƙaddara ce. Kowa da ranarshi."

"Ranar Indo Allah ya rubuta. Wanga tsinken wa ya rubuta shi?"

Hayatu ya dubi kumandan. Kumandan ya yi mashi alama da kai, Hayatu ya fita. Sannan kumandan ya yi wa Mero magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Ya ce shari'ar da aka yanke ba ta warwaruwa sai an kai takardu babban birni, shekara biyu ko uku kafin a ji amsa. Amma bikin zagayowar ranar ƴanci saura kwana tara, kuma yana da ikon sa suna cikin waɗanda za a yi wa afuwa. Ta bar mashi takardar a ajiye ta inda ake ajiye irinta, shi kuma ya sa sunan. Mero ta ce afuwa ta mai laifi ce. Ya ce haka ne. Sannan ya ce mai gadi ya gaya mashi yaron na tari tun sanyin bara, kwanan nan har da jini, kuma ɗakin da suke mutum talatin ne a ciki.

Ta dubi takardar. Shekara guda tana kwana da ita a ƙullin zane, ko wanka za ta yi sai ta sa ta cikin tulu ta rufe. Ta buɗe yatsunta. Ya ja aljihun tebur ya sa ta ciki ya murɗa makulli.

Rabo ya dawo a bayan motar gyaɗa, an kwantar da shi bisa buhuna. Mutumin da ke shiga rijiya gaba ashirin da igiya ɗaya, sai da mutum biyu suka riƙe shi ya sauka. An ba shi wata ƴar takarda mai hatimi, Mushe Baƙo ya karanta wa Mero ita daga baya: an yafe mashi laifin da ya aikata. Kwana uku da dawowa ya ce a kai shi ya gaida surukinshi. Mero ta ce ya bari ya ji sauƙi, ya ce ba sauƙin da yake jira. Ya dogara sanda ya je, ya durƙusa a ƙofar zauren Barmo ya yi sallama sau uku. Barmo na ciki, ana jin tarinshi. Ya aiko da cewa gwamnati ta yafe, shi bai yafe ba. Rabo ya dawo ya kwanta a rumfa ya juya fuska ga zana. Kwananshi goma sha tara a gida. Da aka kai shi, mutum goma sha ɗaya suka bi gawar, ba ko ɗaya daga gidan Barmo.

Bayan sadakar arba'in Mero ta shiga kududdufi ta ɗebo yumɓu. Ta gina tulu, ta gina randa, ta gina tukunyar miya da kaskon turare. Kafin kowane ya bushe, inda ta saba yin zanen ado a wuya, sai ta ɗauki tsinke ta zana layin nan biyu, na Hayatu a bisa, na gaskiya a ƙasa, ta kewaye tsinken banzan da da'ira. Ta gasa su suka yi ja. Wuta ta kama rubutun, ba mai goge shi sai ya fasa tukunya. Ta kai kasuwar Gazawa, ta ba masu jakai suka kai har Sae Sabuwa da Gidan Sori. Mata suka ce sabon ado ne, suka saya. Amma a gidajen da ke da ɗan lakol, akan samu wanda zai tsaya gaban randa da moɗa a hannu ya ce wannan lissafin na bisa ba daidai ba ne, wa ya yi shi? Duk wanda ya zo ya tambayi Mero, tana faɗa mashi wa ya yi shi, da abin da ya ci.

Jandarma suka zo kasuwa suka fasa mata tukwane goma sha huɗu, suka ce tana tada hankalin jama'a. Ta kwashe fasassun tukwanen ta koma, ta gina ashirin. Suka ce za su rufe ta. Ta ce ta san ƙofar, ta san mai gadin, ta san rabin ƙuli-ƙulin da yake ɗiba.

Daga nan ta gina wata randa da ba ta taɓa gina irinta ba, tsayinta iya ƙirji, ta yi rubutun da faɗin tafin hannu. Ta biya mai amalanke ya kai ta har ƙofar buro. Aka sauke a tsakiyar fili inda duk mai shiga sai ya kewaye ta. Ta zauna a gindinta ta miƙe ƙafa. Mai rubutu ya fito ya ce kumandan ba ya nan. Ta ce ba ta gaji ba. Ya ce in taimako take so, ana iya duba mata buhun hatsi. Mutanen da ke benci suka taso suka kewaye randar, masu karatu a cikinsu na nuna wa marasa karatu da yatsa. Ta ga labulen wata taga ya motsa. Sai ta ɗaga murya, ba ihu ba, yadda dai za ta kai cikin ɗakin.

"Ban zo bara ba. Hatsinku ku ba wanda ya roƙa. A fito da Hayatu nan, gaban randar ga, da rana tsaka. A kira Barmo daga Garin Jaye ya tsaya ya ji da kunnenshi. Hayatu ya ɗora yatsa a kan tsinken nan ya faɗi hannun wa ya rubuta shi, kumandan kuma ya buɗe aljihun teburinshi ya faɗi tun yaushe ya sani. Mutum uku na bizne. Ɗayanku ya fito ya amsa."